Zauren 'yan gida: wai ranar Talata za a yi fyaucewa

Asabar, 20 ga Satumba 2025

Rahila: Salama gare ku. Yaya Iliya, Sani, ku yi wa ɗanku Ayuba magana, ni bakina ya gaji. Yau kwana uku ana yankan hatsi a gonar Tibiri, ko leƙawa bai yi ba. Kuɗin rajistar jami'a da na tara masa da tuyar ƙuli-ƙuli tun Ista, ya ce in saya wa kaina zane, wai Talata mai zuwa Yesu zai kwashe nasa. Jiya har wani ya zo ƙofar gida yana taya babur ɗin da yake kabu-kabu da shi. Na ɓoye makullin.

Istifanus: Taubashi, in dai tafiya ce ta tabbata, ka bar mini babur ɗin da wayar. Ni na san kaina, sai a jirgi na biyu.

Ayuba: Inna, da kin bari mun yi maganar a gida. Amma tunda ta fito, ta fito. Ba ni na ƙaga ba. Wani mai wa'azi ne a Afirka ta Kudu, Joshua Mhlakela, ya ce Yesu ya bayyana gare shi ya faɗa masa za a yi fyaucewa, wato a ɗauke masu bi zuwa sama, 23 da 24 ga wannan wata. Kuma ranakun sun faɗa daidai kan Idin Busa Ƙaho na Yahudawa, wanda ke cikin Littafin Firistoci sura 23. Bulus ya ce da ƙarar ƙaho Ubangiji zai sauko, 1 Tasalonikawa 4:16. Ku duka kun ga wata ranar Lahadi 7 ga wata, ya fito bayan magariba ja wur kamar an yanka rago a kansa. Yowel 2:31 me ya ce? Yaƙi a Gaza, yaƙi a Sudan, yaƙi a Yukiren. A nan kusa, mutanen yankin Madarunfa da Gidan Rumji ba sa barci da ido biyu saboda masu satar mutane. Ambaliyar bara kun san abin da ta yi mana. Me ya rage a Matiyu 24 da bai faru ba?

Iliya: Ayuba, sannu da karatu. Na ji daɗi da kake buɗe Littafi. To ka ci gaba da surar, kada ka tsaya a aya ta 7. Aya ta 6 ta ce za ku ji labarin yaƙe-yaƙe, kada ku firgita, ƙarshen bai zo ba tukuna. Ta 8 ta ce duk waɗannan farkon naƙuda ne. Sai ka gangara aya ta 36: ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama, ko Ɗan, sai Uban kaɗai. Abin da Yesu ya ce an ɓoye wa mala'iku, shi ne aka tura wa mutum ɗaya a Afirka ta Kudu don ya zuba a TikTok?

Ayuba: Kawu, ya ce rana da sa'a. Shi wannan kwana biyu ya bayar, bai tsayar da ɗaya ba. Kuma ku da kanku kuka koya mana a ajin Lahadi cewa Nuhu ya san ruwa na zuwa.

Iliya: Dabarar nan ta kwana biyu ta girme ka. Ka duba Ayyukan Manzanni 1:7, can ba rana ko sa'a aka ce ba, lokatai da zamanai aka ce, kuma aka ce sanin su ba namu ba ne. Nuhu kuwa da aka sanar da shi, gatari ya ɗauka ya shiga aiki, abinci ma aka ce ya tara.

Dauda: Gwaggo, ina wuni. Ayuba, bari in ba ka labarin wani manomi, tunda noman ne ka ƙi. Sunansa William Miller, ɗan Baftis a jihar New York ta Amurka. Ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 ya mai da su shekaru, ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu, lissafi ya kai shi 1843 zuwa 1844. Da lokacin ya wuce, mabiyansa suka gyara suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Dubban mutane ne, ba mahaukata ba, masu tsoron Allah irinka. Wasu sun bar amfanin gona a tsaye ba su girbe ba, wasu sun rufe shaguna. Suka kwana suna kallon sama, gari ya waye, sanyin hunturu ya shigo, rumbu ba kome. Cikin ragowar mutanen nan ne daga baya cocin Adventis ta fito a 1863.

Na kusa kuma, 2011. Harold Camping, mai gidan rediyon Family Radio a Kaliforniya, ya sa 21 ga Mayu, aka lilliƙa alluna a ƙasashe. Da ta wuce ya ce ai a ruhu abin ya faru, na zahiri sai 21 ga Oktoba. Kafin nan ma ya taɓa sa 1994. Daga ƙarshe shi da bakinsa ya amsa cewa ya yi kuskure, ya rasu a 2013. Waɗanda suka zuba ajiyarsu a allunan, ba wanda ya mayar musu ko dala.

Istifanus: Malam ya buɗe aji. Yaya, faɗa masa na Koriya, shi ya fi ba ni dariya.

Dauda: Lee Jang-rim, a Seoul, ya sa 28 ga Oktoba 1992. Mutane suka bar aiki, suka sayar da gidaje suka kai masa. Da hukuma ta kama shi, sai aka tarar ya zuba kuɗi a takardun jari waɗanda ba za su nuna ba sai Mayun 1993. Mai cewa za a tafi a Oktoba yana jiran riba a Mayu.

Saratu: Ni ban ga abin dariya ba, Istifanus. A Kanungu ta Yuganda, ranar 17 ga Maris 2000, an rufe mutane cikin ɗakin sujada aka cinna wuta, da waɗanda aka tono daga baya sun haura 700. A dajin Shakahola na Kenya a 2023, gawa sama da 400 aka tono, an ce musu su ƙi cin abinci don su sadu da Yesu, da yara a ciki. Ko a Ondo ta Najeriya, a 2022 'yan sanda sun fito da mutum 77 daga ɗakin ƙarƙashin wata majami'a, suna zaune suna jiran fyaucewa. Ayuba, ba na ce kai za ka yi haka ba. Amma jiya da na zo gida na ga tuwonka a rufe tun na rana, ka ce azumi kake. Kwana nawa ke nan?

Ayuba: Huɗu. Ina shan ruwa da yamma, Yaya. Kada ki mai da ni ɗan Shakahola.

Lahadi, 21 ga Satumba

Sani: Assalamu alaikum. Jiya ina hanyar Dan Isa, sai yanzu na karanta. Ni ba zan shiga tafsirin littafinku ba, amma ɗana ne, dole in ce wani abu. Mu ma mun yi imani Annabi Isa, alaihis salam, zai sauko, kuma shi zai kashe Dujal. Muna da alamomi ƙanana da manya, har da talakawa makiyaya marasa takalmi suna gasar dogayen gine-gine, wanda in ka bi ta unguwar Ali Dan Sofo sai ka ce an gama. Amma da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Manzon Allah (SAW) yaushe ne Sa'a, ya ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Kuma akwai hadisin da ya ce in Alƙiyama ta tsaya alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa ya dasa. Mu ma an yi mana masu sa lokaci. Ku tambayi tarihin Satiru a 1906 kusa da Sakkwato, da sunan Mahadi aka tashi, garin bai sake zama gari ba. Ayuba, gobe da asuba motata za ta Tibiri da buhuna, akwai wuri a gaba.

Iliya: Na gode, ƙanena. To amma bari in faɗi wani abu, kada yaran nan su ɗauka ina ƙaryata alamu. Ba na ƙaryatawa. Ni na yi imani muna kusa. Isra'ila ta watse kusan shekara dubu biyu, ta dawo ta zama ƙasa ranar 14 ga Mayu 1948. Wannan shi ne itacen ɓaure da ya yi toho a Matiyu 24:32, haka aka koya mana a makarantar Littafi a Kagoro, haka na koyar shekara talatin. Za a fyauce ikilisiya, sannan shekara bakwai na babban tsanani, bakwai ɗin ƙarshe na Daniyel 9, sannan Ubangiji ya sauko a fili ya yi mulkin shekara dubu. Abin da na hana shi ne sa rana.

Dauda: Baba, ku yi haƙuri, a nan ne ni da ku muke rabuwa. Ɓauren nan shi ya haifi sa ranar. Aka ce zamanin da ya ga tohon ba zai shuɗe ba, aka ce zamani shekara 40 ne, 1948 a tara da 40 ya ba da 1988. Wani tsohon injiniyan NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, Edgar Whisenant, ya buga ɗan littafi da dalilai 88, aka raba miliyoyi. Da 1988 ta wuce sai aka ce zamani 70 ne, 2018. Yanzu ana cewa 80. Kullum ana ƙara wa igiyar tsawo. Kuma Luka 21:29 bai ce ɓaure kaɗai ba, ya ce ɓaure da dukan itatuwa. Misali ne na manomi: ka ga toho, ka san damina ta kusa.

Tsarin da kuka jera ma, fyaucewa a ɓoye daban, saukowa a fili daban bayan shekara bakwai, wani mai wa'azi a Birtaniya, John Nelson Darby, shi ne ya shimfiɗa shi haka a shekarun 1830, sai Littafi mai sharhin Scofield na 1909 ya yaɗa shi a Amurka, 'yan mishan suka iso mana da shi. Ba na ce ƙarya ba ne. Ina cewa ne Agustin na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa, ya ɗauki shekara dubun Wahayi 20 a matsayin zamanin ikilisiya da muke ciki, kuma Luther da Calvin, jagororin Furotesta na farko, ba su san fyaucewa mai hawa biyu ba.

Iliya: Darby bai rubuta 1 Tasalonikawa 4:17 ba, Dauda. Bulus ne ya ce za a ɗauke mu cikin gajimare mu taryi Ubangiji a sararin sama.

Dauda: Gaskiya ne, Baba. Amma tarya fa? In gwamna zai shigo Maradi, ana fita bakin gari a tarye shi, sannan a rako shi ciki. Ba a taryar baƙo a bi shi a koma inda ya fito. Kalmar Helenancin da Bulus ya yi amfani da ita, ita ce a Ayyukan Manzanni 28:15, inda 'yan'uwa suka fito daga Roma suka taryi Bulus suka shiga birnin tare.

Iliya: To Yahaya 14:3 fa, da ya ce zai dawo ya ɗauke mu zuwa wurinsa? Ka zo gida da Littafinka bayan sujada, wannan ba ta waya ba ce. Ɗan da na koya wa a, ba, ca yau yana kawo mini Helenanci.

Saratu: Mu a Katolika abin bai kai haka tsawo ba. Kowace Lahadi muna faɗa a cikin Na Gaskata cewa zai sake dawowa da ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Iyakarta ke nan, ba jadawali. Surukata ta ce ita dawowar da ta fi damunta ita ce ranar da za a ɗauke ta ita kaɗai, don wannan ba ta da shakka a kanta.

Ayuba: Duk na ji. Amma ba wanda ya taɓa maganar lambar dabbar. Wahayi 13 ta ce ba mai saye ko sayarwa sai mai alamar. Yau ba ka karɓar kuɗi a waya sai da lamba, ba ka yin katin shaida sai ka dangwala yatsa an ɗauki fuskarka. A zamanin Miller akwai wannan? Yanzu ne kayan aikin suka haɗu.

Dauda: Tambaya mai kyau. Ka lura a surar, alamar tana tafe da sujada: wanda ya ƙi yi wa siffar dabbar sujada shi ake kashewa. Da ka je yin kati, an ce ka durƙusa ko ka musunci Almasihu? Mutanen da Yahaya ya rubuta wa, a biranen Asiya guda bakwai, suna ƙarƙashin sarakunan Roma da ake ƙona wa turare kamar alloli. In ka rubuta sunan sarkin Roma Nero, wato Neron Kaisar, da haruffan Ibraniyanci ka haɗa lissafinsu, 666 yake bayarwa. In ka cire nun ɗin ƙarshe yadda Latin ke faɗar sunan, sai ya koma 616, kuma akwai tsofaffin kwafe na Wahayi da ke ɗauke da 616 ɗin. Haka ma rabin Matiyu 24 amsa ce ga tambayar almajirai a kan Haikalin Urushalima, kuma Titus, shugaban sojojin Roma, ya rushe shi a shekara ta 70, kimanin shekara 40 bayan maganar.

Iliya: Nero inuwa ne, na ainihin yana tafe. 2 Tasalonikawa 2 ta ce ranar ba za ta zo ba sai mutumin zunubi ya bayyana. Amma a kan kati na yarda da Dauda. Lokacin korona ma haka aka ce da allurar rigakafi, wasu a majami'armu suka ƙi, ni na miƙa dantse, ga ni.

Litinin, 22 ga Satumba

Saratu: Na je wurin Kaka da safe na karanta mata duk abin da kuka rubuta. Ta ce in rubuta muku yadda ta faɗa, ga shi:

"Ki ce wa mijin nan nawa rago ina gaishe shi. Ni ina yarinya ƙarama Gulbi ya cinye tsohon Maradi, shekarar da Nasara ya hau da gari tudu. A kan wuyan babana na fita, ina kallon tukwanenmu suna tafiya bisa ruwa. Tsofaffi suka ce duniya ta tashi. Uwata ta ce ita ma uwarta haka ta ce a yunwar Kakalaba. Na ga fari na zamanin Diori da shanu suka ƙare, na ga na zamanin Kunce da muka ci garin rogo har muka manta ɗanɗanon fura. Na ga fara ta rufe rana. Kowane ɗaya sai da mai wa'azi ya tashi ya ce wannan ne. Ni ina jiran Yesu tun kafin a haifi uwarsa, kuma kullum da dare sai na ce ko yau. Amma ban taɓa kwana ban jiƙa gero na gobe ba. Watan da ya yi ja kuwa, rana ce ta kama shi, da muna yara gwangwani muke bugawa har ta sake shi."

Ta ce kuma ka zo ka karɓi ƙosai, in azumin bai hana ka zuwa ba.

Dauda: Ambaliyar da Kaka ke faɗi ta 1945 ce. Husufin kuwa masana taurari sun sanar da ranarsa da mintinsa shekaru kafin ya zo, inuwar duniya ce ke faɗawa kan wata. An yi irinsa ranar 27 ga Yuli 2018, an yi huɗu a jere tsakanin 2014 da 2015, lokacin ma an sayar da littattafai da yawa a kansu.

Iliya: Maganar Inna ta tuna mini. Turawan mishan na ƙungiyar SIM da suka zauna Tibiri tun ƙarshen shekarun 1920, yawancinsu da imanin nan nawa suka zo, cewa Ubangiji na bakin ƙofa. Shi ya sa suke gaggawa, saboda Matiyu 24:14, sai bishara ta kai ga dukan al'ummai. Amma su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, su ne suka kafa wurin jinyar kutare a Danja. Sassabin zamani da ya mayar mana da itatuwa cikin gonaki, Tony Rinaudo ɗan mishan ne ya fara shi a nan Maradi a shekarun 1980, yana roƙon mutane su bar kututture ya tofo. Itacen da sai ya daɗe kafin ka sami sanda a jikinsa. A Tasalonika ma an sami masu ajiye aiki don jiran ranar, gare su Bulus ya rubuta cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Ayuba: Kawu, ku kuna da abin jira a nan. Ni fa? Waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce muna layi ɗaya da su a bakin kasuwa muna jiran fasinja. Bara da ruwan ƙarshen Agusta ya zo, da hannuna na tono abokina daga ƙarƙashin katanga, da shi muka ci abincin dare. In na ce ina so Yesu ya zo Talata, laifi ne?

Rahila: Wayyo ɗana. Ba ka taɓa faɗa mini haka ba.

Iliya: Ba laifi ba ne. Addu'ar ƙarshe a cikin Littafi ke nan, zo ya Ubangiji Yesu. Ni ma ranar da muka binne Gwaggonka na yi ta. So daban, sani daban. Ina zuwa gidan da yamma. Rahila, ki dama kunu.

Istifanus: Taubashi, na janye maganar babur. Ka yafe ni.

Alhamis, 25 ga Satumba

Istifanus: Jama'a, an tashi lafiya? Ina ƙirga ku ne kawai.

Iliya: Istifanus, kul.

Sani: Yana nan tare da ni tun jiya, mun kwana Tibiri. Da farko ya ce zai zo ne ya jira a gona don sama ta fi fili a can, na ce duk ɗaya ne, hau. Dami goma sha ɗaya ya ɗaure kafin rana ta take. Hannunsa duk ya yi kanta, ɗan boko.

Ayuba: Sha uku ne, Kawu. Ban ce na daina jira ba. Yaya Dauda, ka turo mini maganar 616 ɗin, ina so in gani da idona. Inna, makullin fa?

Rahila: Sai na ga takardar rajista.

Dauda: Zan kawo maka Lahadi. Baba, na sake duba Yahaya 14 ɗin da kuka ce, ina da magana a kai.

Iliya: Ka zo da ita, ka haɗo da goro. Sani, ku bar amalanken ya fara kwaso na gefen kwari, hadari na haɗuwa ta gabas.